Tarin Gidan Sodangi

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ta Kaura Namoda ya san Sodangi, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan da ke zaune a bakin rumfar 'yan gero, basilla a hannu, zaren buhu rataye a wuya. Idan an cika buhu da gero ko dawa, shi ake kira ya ɗinke bakin. Ya haura shekara talatin yana wannan aiki, kuma ban taɓa jin an ce buhun da ya ɗinke ya tsiyaye a hanya ba. Ni zan iya ba da wannan shaida, don ni nake ɗaukar buhunan. Sunana Bilyaminu, direban a-kori-kura. Tsakanin Kaura da Zurmi da Shinkafi muka tsufa ni da motar, sai dai ita ta fi ni ƙorafi.

Sau biyu yake bin kowane buhu. Ya tafi da zare ɗaya har ƙarshe, ya dawo da wani daban. 'Yan kasuwa suna yi masa tsiya, wai kafin ya gama buhu ɗaya wani ya yi uku, amma idan kaya za su yi nisa shi suke nema. Ba ya tanka musu. Da ma can ba mai yawan magana ba ne, yanzu kuwa sai ya wuni bai ce komai ba in ban da amsa sallama.

Mutumin Zurmi ne. A can ya auri Rahina, 'yar ƙanen babansa, wadda suka tashi a tsakar gida ɗaya. Danginsu ba sa kai aure waje, tun zamanin kakanni, kuma suna alfahari da hakan. Yayansa Alhaji Aliyu ma yayar Rahina ya aura. In ka shiga gidansu ranar suna, duk wanda ka nuna ɗan'uwan kowa ne ta wuri biyu ko uku, har sai kanka ya yi ciwo kafin ka gane wane ne kawun wane.

Ɗansu na fari ya zo lafiya, ƙato da shi. Yana wata takwas ya fara tari. Aka ce mura ce. Murar ta sauka ƙirji, numfashi ya riƙa fita da ƙyar, haƙarƙari yana shiga yana fita. Aka kai shi asibiti, aka yi allurai, ya warke. Bayan wata biyu abin ya dawo. Haka aka yi ta yi har ya cika shekara biyu, sannan Allah ya karɓi abinsa. Ta biyu mace ce, ita ma hanyar da ta bi ke nan, sai dai ita ba ta ma kai shekara biyun ba.

Nan fa masu baki suka samu abin yi. Wasu suka ce sanyin gulbi ne, ɗakinsu ya yi kusa da ruwa. Tsofaffin mata suka ce wabi ne, wato yaro ɗaya ne yake zuwa yana komawa don ya wahalar da uwa. Ni dai har yau ina jin haushin wannan magana. Mace ta binne 'ya'ya biyu, maimakon a bar ta da abin da ya dame ta, sai a zauna ana gaya mata wai ɗanta ne yake mata wasa.

Wata rana Sodangi ya same ni a tasha ya ce, "Bilya, gobe ka taho da mota. Tashi za mu yi, gidanga bai karɓe mu ba."

Na kwashe musu kaya zuwa garin Ɗan Isa, inda ya samu gida a kan tudu, nesa da kowane gulbi. A can aka haifi Kyauta. Ranar suna wata tsohuwa ta ɗauke ta ta kai ta bakin juji ta ajiye, sannan ta dawo da ita ta ce tsinto ta ta yi, don kada mutuwa ta ga kamar ana sonta. Kyauta ta rayu. Ko atishawa mai kyau ba ta yi ba. Kowa ya ce ai ga shi, tashin ya yi amfani, jujin ma ya yi amfani. Sodangi da kansa ya yarda, ya yi ƙiba, har dariyarsa na ji a waɗannan shekarun.

Sai na huɗu ya zo, namiji. Wata tara, tari. Shekara ɗaya da rabi, kabari.

Wannan karon aka ce ƙaiƙayin hatsi ne da yake kwasowa a jikin tufafinsa. Kun san abin da mutumin nan ya yi? Ya sake kirana na kwashe su zuwa Kaura, wani gida a bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Ya kafa wa kansa doka: ba ya shiga cikin gida da kayan kasuwa. A zaure yake tuɓewa, ya yi wanka a wani ɗan kewaye da ya gina, ya sa wasu tufafin, sannan ya yi sallama. Da aka haifi na biyar, Yazid, shekara guda cur bai ɗauke shi ba, don kada ya shafa masa wani abu. Daga bakin ƙofa yake tsayawa ya yi masa wasa. Duk da haka Yazid ya fara tari yana wata bakwai.

Yazid ya fi sauran ƙarfin hali. Ya kwanta ya tashi, ya kwanta ya tashi, har ya kai shekara shida. Ma'aikatan asibitin Kaura sun san shi kamar ɗansu. A ƙarshe wani daga cikinsu ya ce wa Sodangi limoniya, wato ciwon sanyin ƙirji, sau goma sha wani abu a jikin yaro ɗaya ba abin da za a ci gaba da yi wa allura ba ne kawai, ya rubuta musu takarda zuwa babban asibiti a Sakkwato. Ni na kai su, kuma ina zaune a ɗakin lokacin da likitar ta yi bayani, don Sodangi ya ce in shigo, kunne biyu ba su isa ba.

Mace ce, ba ta da girman jiki, amma ta iya tambaya. Ba ta fara da yaron ba. Ta ɗauki takarda ta ce a gaya mata yara nawa aka haifa, nawa suka rasu, da me, a wace shekara. Sannan ta tambayi dangantakar Sodangi da Rahina, da ta iyayensu, da ta kakanninsu. Tana yi tana zana layuka har takardar ta cika. Ta tambaya ko akwai wani gida a dangin da aka yi irin wannan rashi. Rahina ta ce yayarta, matar Alhaji Aliyu, ta binne biyu da ciwon ƙirji, sauran biyar suna raye.

Likitar ta ajiye biro ta ce, "Malam, ƙwayar cutar da ke kama ɗanka ba wata baƙuwa ba ce. Tana cikin iskar da ni da kai muke shaƙa. Allah ya yi wa jiki garkuwa da ke gane ta ta kashe ta, shi ya sa mura ɗaya za ta shiga gida, wani ya yi kwana biyu ya miƙe, wani ya kwanta wata guda. Yadda garkuwar kowa za ta kasance gadonsa ake yi, kamar tsawo da launin fata. Kowane yaro kashi biyu yake karɓa, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. In ɗaya yana da rauni, ɗayan yana rufe masa, mutum ya rayu lafiya bai ma san yana ɗauke da komai ba. In aka yi rashin sa'a duka biyun masu rauni ne, to, ƙirjin yaron ba shi da mai gadi. Abin da nake zato ke nan a gidanku. Kai da matarka kakanku ɗaya, ga alama abu ɗaya kuka gado daga wurinsa."

Sodangi ya ce, "Kamar ɗinkin buhu ke nan. In zare guda ya tsinke, gudan ya riƙe."

Ta ce, "Haka ne."

"To gulbin hwa? Da ƙaiƙayin?"

Ta ce ƙura da hayaƙin girki suna ƙara wa ciwo ƙarfi, amma ba su ne tushen ba. Ko Makka ya koma da zama, abin yana jikinsu. Na kalli Sodangi a lokacin. Mutumin da na kwashe wa kaya sau biyu, wanda ya yi shekara bai taɓa ɗansa ba, yana zaune yana kallon tafin hannunsa.

Ya tambaye ta batun Kyauta. Ta ce Kyauta lafiyarta ƙalau, amma ta yiwu tana ɗauke da kashi ɗaya mai rauni, ta yiwu kuma ba ta ɗauke da shi. Awon da zai tabbatar ba a yinsa a nan, sai an aika jini ƙasar waje, kuma ko can ba kullum ake gano wurin ba. Abin da za ta iya faɗa kawai shi ne, in Kyauta ta auri bare, da wuya a gamu da irin wannan. In ta auri ɗan gida, ƙofar a buɗe take.

Yazid ya ƙara shekara ɗaya da magungunan da aka ɗora shi a kai, sannan ya bi 'yan'uwansa. Bayan shekara biyu Rahina ta rasu. Hawan jini aka ce. Gidan ya rage daga Sodangi sai Kyauta.

Yarinyar nan ita ta riƙe shi. Ta dawo daga makaranta ta ɗora tukunya, ta wanke masa kaya, ta zauna ta yi ta ba shi labarin malamansu har sai ya murmusa. In na biya da yamma nakan same su a tsakar gida, yana gyaran zare, tana tsince shinkafa tana yi masa tsiyar furfura. Ni kaina nakan ji daɗin zama a wurin.

Amma akwai maganar da kowa a dangi ya sani tun Kyauta tana goye: ita ta Zaharaddeen ce, ɗan Alhaji Aliyu. Kuma kada wani ya ce tilas aka yi mata. Tana sonsa, yana sonta, kowa ya gani. Yaro ne mai hankali, yana da shagon gyaran waya a Zurmi. Duk ranar da ya zo Kaura, Kyauta sai ta ƙona miya. Ubansa yayan ubanta, uwarsa yayar uwarta. In akwai wanda zai iya ɗauke da irin abin da take iya ɗauke da shi, to shi ne.

Sodangi ya yi ta juya abin a ransa shekara huɗu bai gaya wa kowa ba sai ni. Na ce masa ya samu yayansa su yi magana a keɓe. Ya je Zurmi sau biyu da niyyar haka, ya dawo bai iya buɗe baki ba. Ku da ba ku san gidajenmu ba za ku ce mene ne abin wahala a ciki. A wurinmu uba ba ya sa baki a auren 'yarsa. Kunya ce. Yayansa ko ƙanensa ne mai ita, shi ake tambaya, shi yake bayarwa. Uba yana gefe kamar baƙo, in an gama ya ce Allah ya sa albarka. Ga shi mai bayarwar shi ne uban mai nema, kuma shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu.

Ranar da aka zo sa rana, ni na ɗauko su daga Zurmi: Alhaji da dattawa biyu, da ƙwaryar goro da alawa. Bayan la'asar aka zauna a zauren Sodangi. Shi yana can bakin ƙofa a rakuɓe, inda uba ya kamata ya zauna. Alhaji ya gyara babbar riga ya ce, "To, abin da munka daɗe da sani na. Zaharaddeen da Kyauta. Mun sa bayan ƙaramar salla, in Allah ya kai mu."

Ɗaya daga dattawan ya ɗaga hannu zai ja fatiha. Sai muka ji murya daga bakin ƙofa.

"Yaya Alhaji, ban yarda ba."

Hannun dattijon ya tsaya a sama. Alhaji ya juyo a hankali ya ce, "Mi kac ce?"

"Na ce ban yarda ba. Ka yi mani haƙuri."

"Kai ad da ita? Tun yaushe uba ka sa baki ga auren ɗiyatai gaban yayanai?"

Sodangi ya fara bayani. Ya faɗi abin da likita ta ce, ya kawo zancen zare biyu. A bakinsa maganar ba ta fito da kyau ba, ni kaina da na ji ta daga tushe sai da na ji kamar tatsuniya. Alhaji ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Likitar ta auna jinin Zaharaddeen?"

"A'a."

"Ta auna na Kyauta?"

"A'a."

"To gaibu kaka sani? Rai da mutuwa na hannun Allah. Ɗiyana biyar na nan raye, kana ganinsu."

Sodangi ya ɗago kai ya ce, "Na hannun Allah na, Yaya. Amma kai ma ka binne biyu. Ni huɗu. Na ga abin da yam mai da Rahina. Ba ni iya tura ɗiyata ta bi wagga hanya ina kallo."

Da bai ambaci biyun nan ba, da ƙila an samu wurin gyara. Alhaji ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya ce da ni in tayar da mota. Goron ma a nan suka bar shi. Daga baya sun je wurin liman, ya gaya musu gaskiya: al'ada daban, shari'a daban, in uba yana raye da hankalinsa ya ce a'a, ba mai ɗaura auren. Maganar ta mutu a nan, zumuncin ma ya bi ta.

Kyauta tana bayan ƙofa ta ji komai. Sodangi ya gaya mini abin da ta ce masa da ya shiga. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba, ni ko sau guda ban yi tarin nan ba. Shi ma bai yi ba. Don abin da ba ka tabbatar ba ka kunyata Baffa gaban mutane?" Ya ce mata e. Ta yi wata biyu tana dafa masa abinci tana ajiyewa ba tare da ta zauna ba. Sannan ta roƙe shi izini ta koma Shinkafi wurin Hajiya Laila, aminiyar mahaifiyarta mai sayar da atamfa. Ya ba ta. Ni na kai ta, da akwati ɗaya. Bayan shekara ɗaya da rabi ta auri wani malamin firamare a can, Auwal, wanda ba ya haɗa komai da su. Sodangi ya aika da yardarsa ta bakin liman. Daga Zurmi ba wanda ya je.

Zaharaddeen kuwa ya auri wata 'yar gidan, daga zuriyar kakan nan dai. Sun haifi maza biyu, ƙosassu, ko mura ba ta cika kama su ba. Mutanen Zurmi da ke zuwa cin kasuwar Kaura ba sa gajiya da ba da wannan labari a inda Sodangi zai ji. Su tsaya a kansa yana ɗinki, su ce wa juna, "Ka ga 'yan Zaharaddeen kuwa? Tubarkalla, kamar 'yan maruƙa." Wata rana sai da na zagi wani, aka rirriƙe ni. Shi kuwa bai ɗago ba, ya kai zarensa ƙarshe ya dawo da na biyu.

Haka yake zaune yanzu. Ya tashi ya tafi kasuwa, ya ci abinci a wurin mai tuwo, ya dawo gida mai ɗaki uku shi kaɗai. Ranar salla ya yi wanka ya je idi ya dawo ya shimfiɗa tabarma a zaure, ba mai shigowa sai ni da 'yan maƙwabta. Ya ƙi ƙara aure. Na yi masa maganar har na gaji.

Da Kyauta ta haihu, ni na kawo masa labari: mace, an sa mata Ilham. Ya yi hamdala, ya ba ni turmin atamfa in kai. Bai ce zai je ba, ita ma ba ta aiko a zo ba. Sai da yarinyar ta cika wata goma sha ɗaya, wata Laraba, ya ce mini, "Bilya, gobe in za ka Shinkahi ka biyo ta nan."

Hanyar Shinkafi yanzu ba a binta sai rana ta ɗaga saboda 'yan bindiga, motoci a jere, kowa yana addu'a a ransa. Muka isa lafiya kafin azahar. Auwal ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya shimfiɗa mana darduma a zaure, ya shiga ciki. Jim kaɗan Kyauta ta fito da yarinyar a kafaɗa. Ta durƙusa daga nesa ta ce, "Baba, ina wuni. An zo lahiya?" Irin gaisuwar da ake yi wa abokin uba. Ya amsa. Ta miƙo masa jikarsa.

Ya karɓe ta kamar za ta fashe. Yarinya ɓul-ɓul, ta kama gemunsa tana ja. Bai yi mata wasa ba. Ya ɗaga 'yar rigarta, ya kafa kunnensa a ƙirjinta, ya rufe ido. Ya daɗe a haka, har yarinyar ta fara mutsu-mutsu. Ya juya ta ya saurari bayanta. Da ya ɗago, idanunsa sun cika da ƙwalla.

"Ƙirjinta wasai," ya ce. "Babu komi. Alhamdu lillahi."

Kyauta tana kallon ƙasa. Ta ce a hankali, ba da faɗa ba, "Da ɗiyar Zaharaddeen ta, Baba, ƙila haka za ka ji."

Sodangi ya gyara wa yarinyar riga, ya ja ta ƙasa ta rufe cibiya. Ya ce, "Ƙila."

Kyauta ta karɓi 'yarta ta ce bari ta kawo mana ruwa, ta shiga ciki. Auwal ne ya fito da ruwan.

Da la'asar na gama lodi muka kamo hanyar Kaura. Yana gaba kusa da ni, hannunsa a kan gwiwa. Mun wuce rabin hanya sannan ya ce, "Bilya, ranar Alhamis mai zuwa in ka je, ka leƙa ka ji mani ko tana tari."

Na ce to.